Akwatin Gem da Muka Bar wa Juna

Shekarun baya, lokacin ina saurayi ba ni da nauyin kowa sai na cikina, mahaifina ya tura ni daga Tasawa zuwa Mayahi wajen kawuna, in koyi gyaran rediyo da wayar hannu. A can na haɗu da abokina. Shi daga wani ƙauye yake kusa da Tchaké, ɗan gidan manoma Kiristoci, yana koyon walda a rumfar da ke kallon shagonmu. Shayin rana ne ya haɗa mu, gardama ta ƙulla sauran. Ba mu iya wuni ba mu zagi juna ba, kuma ba mu iya cin abinci in ɗaya bai zo ba.

Akwai wani gidan gem a bayan tasha da muke zuwa in an tashi aiki. Injin uku ne a wurin, kowanne da irinsa, kowanne da nasa manet, wato abin da ake riƙewa a hannu ana dannawa. Na wannan ba ya shiga wancan. Abokina kuwa yatsunsa sun sha hauya sun sha ƙarfe, babban yatsansa kamar guntun rogo, in ya danna maɓalli ɗaya sai biyu su danne. Wata rana ya ajiye manet ɗin da haushi.

"Wanga abu na yaran birni ne," in ji shi. "Da za a samu mai sanda, wanda mutum zai kama da hannu duka kamar giyar mota, da kun sha mamaki."

Ni kuma da karambani irin nawa, ban taɓa ganin cikin manet ba, na ce, "Wannan ai aikin wuni guda ne. Kuma wanda zan yi maka, injin ukun duka zai ci."

Wuni gudan nan sai da ya cinye mana rani guda. Mun bi gari muna tsintar matattun manet. In na buɗe, sai in ciro ɗan koren allon da ke ciki, in kankare baƙin da ke ƙarƙashin kowane maɓalli har jan ƙarfe ya bayyana, sannan in liƙa siririyar waya da dalma. Wurin bai kai ƙwayar gero ba. Hannu ya ɗan girgiza, shi ke nan allo ya tafi. Na ƙona alluna har kawuna ya fara tambaya ko gasa su nake ina ci. In kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke, a garwashin mai shayi nake ɗora ƙarfen dalma, kuma har yau akwai tabo a yatsana na ranar da na kama shi ta baki.

Kowane maɓalli waya biyu yake so, ɗaya tasa ta kansa, ɗaya kuma tana zuwa ga wata doguwar waya da ta zagaye su duka, wadda masu gyara ke kira mas. Abokina ya ƙera sanduna biyu da ƙarfen tsohon moto, wato babur, ya sa musu sifirin na sirdin keke don su riƙa komawa tsakiya. A gindin kowace sanda muka jera 'yan makunnai huɗu, sama da ƙasa, dama da hagu. Maɓallan duka kuwa na hon ɗin moto ne. Wani dattijon kafinta a unguwarmu ya haɗa mana akwati mai faɗi, na mutum biyu su tsaya kafaɗa da kafaɗa. Yana yi yana mita, wai shi tunda yake bai taɓa yi wa wasan yara akwati da katako mai kyau ba.

Wahalar gaske ta zo ne da na haɗa allunan injin ukun a kan maɓallai ɗaya. Muna jonawa sai ɗan damben da ke cikin talabijin ya kama tafiya shi kaɗai, yana harbin iska, ba wanda ya taɓa komai. Abokina ya ja da baya ya ce in karanta abin da na iya, shi ma zai yi tasa addu'ar. Sai daga baya na gane allunan da ba a aiki da su ne ke satar wutar wanda ke aiki. Na yi ta gwaji, na sa 'yan diyod a kan layukan don wuta ta bi hanya ɗaya, na kuma cire maɓallin canza mita na wata tsohuwar rediyon kawuna, na mayar da shi mai zaɓar allon da za a ba wuta. Ka murɗa, ka jona jelar wayar da ta dace da injin a baya, shi ke nan. Ranar da ya yi aiki a inji na uku, rungumar da abokina ya yi mini sai da haƙarƙarina ya yi ƙara.

Akwatin nan ya yi suna a Mayahi. Mai gidan gem ya riƙa roƙon mu bar masa shi ko ranar kasuwa kaɗai. Da Kirsimeti muka ɗora shi a motar kasuwa, da aron inji da ƙaramin talabijin da batir, muka kai shi ƙauyensu. Har Fulanin da suka kawo shanu rijiya sai da suka jingine sanduna suka tsaya kallo. A nan na san mahaifiyarsa. Ba ta tambaye ni komai ba, ta aika aka kira maƙwabcinsu Musulmi ya yanka kazar da za ta dafa, don in ci hankali kwance. Lokacin salla na yi, sai in ga buta da tabarma a gindin bishiyar bedi. Ɗana na Tasawa take ce mini, ni kuma in ce Inna. Bayan wannan na koma gidan ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba.

To, kowane zama da ranar tashinsa. Ciwon ƙafa ya kama mahaifinsa, dole ya koma ƙauye ya riƙe gona. Ni ma a daidai lokacin mahaifina ya samar mini shago a Tasawa. Akwatin yana wurin kafinta, mun kai a canza masa murfi. Muna zaune a bakin rumfar waldar na ce wa abokina ya tafi da shi.

"Haba dai," ya ce. "Ni da nike ƙauye, ba kuran, ba inji? Kai ka sha ƙunar dalma. Naka ne."

"Don hannunka aka yi shi. Ni ai ina iya haɗa wani."

"Kai dai ka tahi da shi. In na zo Tasawa mu buga."

"Wallahi ba ni ɗauka."

"To tunda ka rantse, ni ma ba ni ɗauka."

Muka yi dariya, aka kawo shayi, aka bar maganar. Kowa ya san yadda kara take a wurinmu. Kamar tsokar ƙarshe ce a kwano, kowa na turawa gaban ɗan'uwansa, alhali kowa idonsa na kanta. Gaskiya ina son akwatin nan kamar raina. Jira nake ya ƙara matsa mini sau ɗaya in karɓa. Bai ƙara ba. Ranar da zan tafi na biya wurin kafinta na ce masa abokina zai zo ya ɗauka, na hau mota ina jin kaina wani babban mutum.

Farkon rabuwarmu muna waya. Shi sai ya hau tudu yake samun layi, don haka ba kullum ba ne. In mun gaisa sai in saurara in ji ya ce, "Na ɗauko akwati hwa, na gode." Bai taɓa faɗa ba. Ni kuma ba zan tambaya ba, kada ya ce kyautar da na yi ce nake bi da ido. Sai hirar ta riƙa yin gajarta, duk abin da za mu faɗa sai ya bi ta kusa da akwatin, mu kuma mu kauce. A raina na fara cewa, mutumin nan ko godiya babu? Ni da na ƙona yatsa? Ina da zuciya, ba na ɓoyewa. Na ce bari in daina kira in ga ko zai neme ni. Ya kira sau ɗaya ina tsakiyar aiki, na ce zan kira shi, ban kira ba. Shi ma bai sake ba.

Haka shekaru suka shige. Na yi aure ban gayyace shi ba, ina cewa ai shi ya fara. In ya faɗo mini a rai, sai in hango shi a ƙauye yara sun kewaye shi yana murza sandata, in ja tsaki in ci gaba da aikina.

Ragon sunan ɗana na biyu ne ya mayar da ni kasuwar Mayahi. Ina cikin ciniki da wani Bafulatani na hango abokina zaune kan buhun wake. Ya yi baƙi, ya ajiye gemu. Muka gaisa, gaisuwa mai tsawo irin ta waɗanda ba su da abin cewa. Ina gida, ina gona, ina gajiya, muka sake zagayowa ina gida. Daga ƙarshe bakina ya kasa haƙuri.

"Akwatinmu dai yana nan da rai?"

Ya dube ni. "Ni za ka tambaya? Ba yana Tasawa ba?"

"Wace Tasawa? Ba kai ka ɗauka ba?"

"Ni da na je na ce ma Baba kahinta kana zuwa ka ɗauka?"

Na bar Bafulatani riƙe da igiyar rago, muka nufi unguwarmu ta da. Dattijon yana nan, ya tsufa ƙwarai, 'ya'yansa ke aikin. Da ya gane mu sai ya kama faɗa tun kafin mu zauna.

"Ku ne 'yan banzan yaran nan? Wanga ya zo ya ce wancan na zuwa, wancan ya zo ya ce wanga na zuwa. Na ce to, duk wanda ya riga. Mi kuka mai da ni, mai gadi?"

Aka buɗe mana wani ɗaki a baya. Akwatin yana ƙarƙashin tarin guntayen katako. Gara ta cinye gindinsa, ɓera ya yi gida a cikin wayoyin, allunan da na ɓata rani ina liƙawa duk sun yi tsatsa. Abokina ya kama sanda ɗaya ya murza, ta taho a hannunsa. Muka dubi juna muka fashe da dariya, har da riƙe ciki, har hawaye. Na ji wani nauyi ya sauka daga ƙirjina. A raina na ce ashe banza ce ta raba mu, yanzu sai mu ɗora daga inda muka tsaya.

Muna fitowa na ce, "Ka gaida Inna. Ka ce mata ɗanta na Tasawa na nan zuwa, ta tanadi kaza."

Ya tsaya. "Inna ai ta rasu. Damina biyu ke nan."

Na rasa inda zan sa kaina. Na ce don me bai gaya mini ba.

"Ta yi ta cigiyarka da tana kwance," ya ce. "Na ce mata aiki ya yi maka yawa. Na ɗauki waya, na aje. Na ga mutumin da bai neme ni da lahiya ba, kar in ɗora mishi nauyi."

Ba da faɗa ya faɗa ba, kuma wannan ya fi yi mini ciwo. Bayan suna na je ƙauyen na yi gaisuwa. Mahaifinsa ya karɓa da mutunci, ya sa mini albarka, amma na ga sai da aka tuna masa ko ni wane ne.

Na daɗe ina juya abin nan. Ba wanda ya cuci wani a cikinmu, ba wanda ya yi ƙarya. Kowa ya so ya fi ɗan'uwansa kirki ne, sannan ya koma gefe yana jiran a gode masa. Kara abu ce mai kyau, da ita aka raine mu, ba kuma zan ce a bar ta ba. Amma tsakanin mutum da amininsa, da na buɗe baki na ce ina so, ko na tambaye shi ko ya ɗauka kuwa, da magana ta ƙare a minti guda. Akwati kam ko gobe ina iya haɗa wanda ya fi shi, yanzu har allo ake sayarwa wanda ke cin inji iri-iri ba sai ka ƙona yatsa ba. Ban dai ƙara haɗawa ba, raina ba ya so.

Muna gaisawa yanzu. Yana kira na da Salla, ina kiran shi da Kirsimeti, ba ma fashi. Sai dai Malam yake ce mini. Kwanaki na ce bari in tsokane shi ko abokina na da zai dawo, na ce masa har yau ina tuna irin dukan da nake masa a gem. Ƙarya ce tsagwaronta, shi ke lallasa ni kullum, kuma da a da ne sai ya tara mini jama'a a kan wannan magana. Na riƙe waya ina jiran zagi. Sai ya ce, "Haka ne, Malam. Ai kai gwani ne."