Gam Bai Bushe Ba

Baba Gam ake ce masa, saboda warin gam da ba ya barin rigarsa. Shagonsa ɗan lungu ne a ƙarƙashin matakalar wani bene: tebur ɗaya, allura da zare, wuƙar datse takarda, sai ƙarfen da yake danne littafi da shi. Sana'arsa gyaran littattafan da suka yage. A aji huɗu ya bar makaranta, sauran karatunsa kuwa a kan teburin nan ya yi shi.

Yana ɗinki yana karantawa, shi ya sa ake cewa hannunsa na da nawa. A haka ya san daulolin da suka tashi suka faɗi, ya gane abin da ke sa kaya tsada. Idan rana ta karkata, haske ya shigo ta ƙofa, ƙurar takarda na yawo a cikinsa, sai ya ga kamar jiragen ruwa ɗauke da gishiri da auduga suna ratsa teburin, su ɓace a bayan kwalbar gam.

Amma ba ya haɗiye magana don kawai an buga ta. A kan guntayen takardar da wuƙa ta zubar yake rubuta tambayoyinsa, ya rataye a zare: Wa ya faɗa? Da idonsa ya gani? Wa zai amfana in na yarda?

"Malam, yau kuma da wane mamacin kake gardama?" in ji mai ɗakinsa, tana ajiye kwanon abincin rana.

"Wani ne ya ce mutum ba ya alheri sai don ribarsa."

"To ka ce ya zo ya nuna mini ribar da na ci a kanka shekara talatin."

Abu ɗaya yake tinƙaho da shi a ransa: bai taɓa riƙe littafi ya wuce ranar da ya yi alkawari ba. Shi ya sa akwai yaƙe-yaƙen da har yau bai san wanda ya yi nasara ba, don masu littafin sun zo sun karɓa.

Wata rana wata nas ta kawo masa ƙaton littafin da marigayi mahaifinta ya bari, bangonsa ya rabu biyu. Labarin burodi ne, tun daga gonar alkama har kantin unguwa. Tun a farko marubucin ya yi alkawarin zai amsa tambaya ɗaya a babin ƙarshe: ya dace mai sayarwa ya ƙara farashi a lokacin yunwa? Baba Gam ya ce ta dawo Alhamis.

Alhamis ta zo, aiki ya kammala, saura masa shafi sittin. Ga idanunsa sun fara hazo, bai san ko zai sake cin ƙarfin littafi irin wannan ba. Kowane mai sana'arsa ya san kalmomin da ke sayo kwana uku: gam bai bushe ba. Ba wanda ke musu da su. Tun safe yake juya su a baki, yana duban tambayoyinsa na lilo a zare. Wa zai amfana in ta yarda?

Da la'asar ta iso, da alamar gajiya.

"Baba, ya bushe?"

Ya ɗora tafinsa a bangon. "Ya bushe ƙayau, 'yata. Ni ne ban gama ba."

Ta dube shi, ya sunkuyar da kai ya gaya mata komai. Ta karɓi littafin ta buɗe wajen wani tsohon tikitin mota da ya tarar a ciki lokacin gyara, ya mayar inda yake.

"Babana ma bai gama ba, a nan ya tsaya," ta ce a hankali. "Ni ko buɗewa ban taɓa yi ba."

Ta jawo kujerar baƙi, ta cire takalmanta. "Daga ina zan ɗauka?"

Ya nuna mata. Ya jingina da bango ya lumshe ido, muryarta na tafiya, gonakin alkama suna kaɗawa a ƙarƙashin matakala. Ba ta ci shafi uku ba ya ɗaga yatsa.

"Dakata, 'yata. Wa ya faɗa wa marubucin haka?"

Ta yi murmushi, ta miƙa masa guntun takarda.