Na Sayar da Lasisi Ban Iya Tuƙi Ba

Kafin in lalace, ni mai ɗaukar hoto ne a wani ɗan shago kusa da tasha a Funtuwa. Fasfo nake yi, in kuma sa wa takardu leda. Hannuna na da kyau, wannan ko maƙiyina ya sani. Mutum zai shigo daga gona fuska duk gumi, ya fita da hoto kamar ango.

Wata rana wani direba ya kawo lasisinsa da ruwa ya ɓata, ya ce in gyara masa hoton. Na gyara. Bayan mako ya dawo da na abokinsa, wai wa'adinsa ya ƙare, in ɗan matsar da shekarar gaba. Na ce a raina ai lamba ɗaya ce kawai. Samari, daga lamba ɗayan nan na ɓata. Kafin shekara ta zagayo lasisi sukutum nake bugawa, ina gaya wa mutanen ƙauye ina da hanya a ofis: ba layi, ba gwaji, kwana uku ka zo ka karɓa. Ni kuwa da nake raba wa jama'a izinin tuƙi, ban san tsakanin birki da kulochi wanne ne a hagu ba.

Ƙyuya ce ta tona ni. Lamba guda nake sa wa kowa. Ranar kasuwar Bakori aka tsayar da motoci biyu a jere, jami'i ya ga fuska biyu, lamba ɗaya. Ɗaya motar a-kori-kura ce ta Baba Ishaya, wani dattijon manomi a ƙauyen Ƙarfi. Ɗansa ke janta, kuma har ga Allah yaron ya ɗauka katinsa na gaske ne. Aka tsare motar ana tsakiyar kaka, ni kuma alƙali ya ba ni shekara biyu. Na yi kuka a gidan yari, ba sau ɗaya ba, kuma yawanci mahaifiyata nake tunawa.

Da na fito, shago ya tafi, ba mai yarda in taɓa masa takarda. Na tattara kunyata na nufi Ƙarfi neman gafara. Na tarar da Baba Ishaya a gindin mangwaro, motar da aka sako masa na gefe, kaji na kwana a ƙarƙashinta. Ɗan ya samu aiki a Kaduna, shi kuma ido ya yi rauni. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Ɗana, ka tsayar mini da mota kaka guda. Bana kai za ka ja ta. Amma da katin hukuma, ba na shagonka ba."

Dole na faɗa masa ban iya tuƙi ba. Ya yi dariya har da tari, ya kira matarsa ta zo ta ji da kunnenta.

Na shiga makarantar koyon tuƙi a Malumfashi, da yamma kuma Baba ya zaunar da ni a motar a filin ƙwallo yana dukan gwiwata duk lokacin da na saki kulochi da gaggawa. Gwajin farko na faɗi, na yi ribas na kwashe biyu daga duromomin da aka jera don gwajin. Lokacin masara ta fara bushewa. Baba ya gaya mini ba ɓoye-ɓoye cewa in na sake faɗuwa, dole ya ba wani direba motar, don amfanin gona ba ya jiran kowa. Ni kuma ba ni da wata ƙofa sai wannan.

Ranar gwaji na biyu, mai gwajin ya ƙura mini ido ya ce, "Ba kai ne mai kwana uku ba?"

Na ce, "Ni ne, ranka ya daɗe. Nawa yau wata huɗu ke nan."

Ya murmusa ya ce in tayar. Na shiga tsakanin duromomin nan na fito ban taɓa ko ɗaya ba. Aka ɗauki zanen yatsuna da hoto. Ina ƙoƙarin gyara zama ke nan ma'aikaciyar ta ce an gama. Da katin ya fito, ido ɗaya a lumshe, baki a buɗe. Ban taɓa ganin mummunan hoto irinsa ba, ban kuma taɓa son wani abu kamarsa ba.

Na tuba, kuma ina roƙon duk wanda na cuta ya yafe mini. Ku samari, ku bi layi, ku yi gwajin, in kun faɗi ku koma. Wanda ya ce muku kwana uku, ku guje shi, na san shi sarai.

Yanzu ni ke kai masarar Baba kasuwa. In an tsayar da ni, tun kafin a tambaya na miƙa. Jiya wani jami'i ya duba hoton, ya dube ni, ya tuntsire da dariya, ya ce anya wannan na gaske ne?

Na ce, "Na gaske ne, yallaɓai. Da ni na yi shi, da ango ka gani."