Baba Layi-Biyu da Kwamfutar da Ba Ta San Naira Ba

Bari in tona wa kaina asiri kafin wani ya riga ni. Ranar nan da manoman citta suka cika ƙofar ofishin ƙungiyarmu a Kafanchan suna jiran a biya su da dalar Amurka, ni ne na jawo. Ni Bitrus masinja, ni na yaɗa labarin. Aji uku na yi a firamare, shi ma na ukun rabinsa a kan bishiyar mangwaro na yi shi. Da Mama Ngozi ta ce in rubuta wani abu a kan mijinta a sa a littafin tunawa, na ce, "Mama, masu ilimi sun ƙare ne?" Ta ce masu ilimi yabonsa kawai za su yi, ita kuwa mijinta take so ta gani. To, ga shi.

Kun san Baba Silbanus, mijin nata. Da ƙuruciya ya zo daga Gabas, ya tsufa a aikin akawun reluwe, da ya yi ritaya ƙungiyar manoman citta ta ɗauke shi. Rular katako a aljihun gaba, jan biro a bayan kunne. Mutumin nan ba ya iya wuce harafin N a gaban lamba bai ja masa layi biyu ba, yadda alamar naira take. Sai ya tsaya, ya karkata kai, ya ce, "Wannan kuɗi na wane ƙasa ne?" Shi ya sa har yaran kasuwa Baba Layi-Biyu suke ce masa.

Wata rana za mu je Kagoro. A tasha an rubuta kuɗin mota a allo, N ɗin tsirara. Baba ya ja birki.

Kamasho ya ce, "Baba, kujera biyu suka rage, za ku shiga ko kuwa?"

"Ba ni biya kuɗi wanda ban san ƙasar shi ba."

Ya ari benci wajen mai shayi, ya ari alli, ya hau. Gari takwas ne a allon, ɗaya bayan ɗaya ya bi su da rula. Kafin ya sauko, motar ta cika ta tafi. Awa biyu muka yi a rana muna jiran wata. Na ce, "Oga, ka ga abin da ka ja mana?" Ya dubi allon, ya ce, "Na gani. Ya yi kyau, ko?"

A coci ma bai bari ba. Ranar baikon godiya, magatakarda ya rubuta a allo kuɗin da kowace ƙungiya ta kawo. Fasto na tsakiyar wa'azi, sai ga Baba yana lallaɓawa ta gefen bango, rula a hannu. Fasto ya rufe Littafi ya ce, "Jama'a, mu jira Baba ya gama yi wa kuɗin baftisma." Matan zumunta suka yi ta dariya har da buga ganga. Baba ko a jikinsa. Sai da ya gama ya juyo ya ce, "Ci gaba, Fasto."

Ga maƙo! Biro ɗaya sai ya shekara. In ya ƙi rubutu, sai ya ce in kai wa mai ƙosai ta ɗan gasa masa a bakin murhu.

To, ana nan a zamanin soja, wasu Turawan mishan suka ba ƙungiya kwamfuta. Aka ɗauko Laraba, 'yar Fadan Kagoma, wadda ta koyo aikin a Jos. A cikin na'urar akwai wata takardar lissafi mai gida-gida, tana da sunan Turanci da harshena ya ƙi ɗauka har yau. Ka zuba sunan manomi a gida ɗaya, buhunansa a gida na biyu, kafin ka ƙifta ido kuɗinsa ya fito a na uku. Abin da Baba yake kwashe mako yana yi ke nan. Tun ranar muka fara jin ƙishin-ƙishin cewa Ciyaman ɗin ƙungiya yana tambaya ko har yanzu ana bukatar akawu. Abin da ya riƙe Baba a kujerarsa ɗaya ne: dokar ƙungiya ta ce ba a biyan kowa sai da sa hannunsa.

Laraba ta danna wani wuri don alamar kuɗi ta fito a gaban lambobin. Ta fito kuwa, sai dai ta dala ce, wannan mai kama da maciji ya naɗe sanda. Na tambaye ta mene ne, ta ce dala. Ban tsaya jin sauran ba. Na hau keke. Kafin yamma, daga kasuwa har gidajen burkutu, kowa ya ji cewa Turawa za su biya kuɗin citta da dala. Washegari wata tsohuwa har da buhun zuba dala ta zo. Wani ya riga ya je ya taya babur. Ciyaman ya fito yana rantsuwa, ni kuwa ina bayan janareta ina addu'a.

Laraba ta yi ta tone-tone a cikin na'urar, har ta gano inda ake canza alamar. Amma ta duba sama ta duba ƙasa, babu naira. Akwai kuɗin Ingila, akwai na Japan, namu babu. Sai ta sa N kawai, ta buga takardun biya, ta ajiye a gaban Baba.

Ya karkata kai. "'Yata, wannan kuɗi na wane ƙasa ne?"

"Baba, na Nijeriya ne mana. Na'urar ce ba ta da layin."

"Ya san Japan, bai san inda yake zaune ba? Wuta na wa yake sha?"

Ya zaro biro, ya ɗora rula a kan gilashin kwamfutar, ya ja layi biyu a kan N na farko. Laraba ta matsa ƙasa, N ya tafi, layin Baba ya tsaya shi kaɗai a kan sunan wani manomi. Ya ce ta dawo da shi. Ta dawo da shi. Ya ce kada ta sake taɓa komai. Ta ce, "Baba, haka za mu zauna har Kirsimeti?"

Ya tuna mata yadda suke yi a reluwe da tafireta: ka buga N, ka koma baya taki ɗaya, ka buga layi biyu a kansa. Ta gwada. Da ta koma baya, sai N ɗin ya goge. Baba ya ce, "Inji wanda in ya koma baya sai ya cinye aikin shi, wannan ba inji ba ne, akuya ne."

Sai ya zauna zai ja wa kowane N layinsa da hannu. Manoma ɗari da wani abu, kowa gida uku na kuɗi in an haɗa da na farashi da na harajin ƙungiya, kowace takarda kwafi biyu. Kwana biyu yana yi, bai kai rabi ba, manoma na zaune a waje da yunwa. Ranar Alhamis Ciyaman ya shigo ya ce, "Mista Silbanus, gobe ƙarfe goma, ko sa hannu ko ka miƙo makullan ofis." Baba bai ɗago ba, ya ci gaba da jan layinsa. Ni na san fanshon reluwe ba ya zuwa, kuma akwai yara biyu a sakandare.

Da safe Laraba ta zo da dabara. Ta sa gajerun layi biyu a hagun N, ta sa biyu a damansa, duk lambobin suka ɗauka a lokaci ɗaya. Baba ya sa tabarau ya duba.

"Layi ya tsaya a bakin ƙofa. Bai shiga ba."

Ƙarfe goma saura kwata. Ciyaman na tsaye ya miƙo hannu. Ban san abin da ya buɗe bakina ba, na ce, "Haba Oga, kai da ka tsufa a reluwe! In jirgi ya tsaya a tasha, kana ganin layin dogo a ƙarƙashinsa? Ka gan shi ya shigo ta nan, ka gan shi ya fita ta can. N ɗin ne ya hau kai."

Baba ya dube ni, ya dubi takardar. Can ya ce, "Jirgi yana tasha." Ya ciro biro daga bayan kunne ya sa hannu. Tsohuwar nan mai buhu ta karɓi nairarta, ta zage ni da yarenmu, ta tafi. Baba ya ƙara shekara biyar a kujerar, ni kuwa na shekara biyar ina ba da labarin yadda ɗan aji uku ya yi wa akawun reluwe wayo.

Sai da Baba ya kwanta ciwo, Ciyaman ya aike ni gidansa in kwaso fayil-fayil ɗin ofis da ke can. Na buɗe ɗaya. Kowane N, tun daga ranar nan har watan da ya kwanta, an ja masa jan layi biyu ta tsakiya, a miƙe, da rula. Mama Ngozi ta ce duk Asabar aikinsa ke nan.

Ya Ubangiji, ka ba bawanka Silbanus hutawa. Bai taɓa sa hannu a kan abin da bai duba ba, kai ma ka dube shi da jinƙai. Ka riƙe Mama da yaran. Amin.

Ranar da na kwaso fayil ɗin, na leƙa ɗaki in yi masa sallama. Ya rame, amma biron na nan a bayan kunne. Ya ga abin da ke hannuna, ya ga fuskata, ya yi murmushi.

"Bitrus," ya ce, "ranar jirgin nan, kai ka ruɗe ni, ko ni na ruɗe ku?"