Shaidar da Na Bayar Ba Waƙa

Ban ga fuskar ɗana ba. Ya zo ba rai a wani asibiti a Samaru, kuma kafin allurar barci ta sake ni, mijina da yayansa sun naɗe shi sun kai makabarta. Wai tausayina suka ji. Haka ake yi, in ji su: uwa ba ta gani, ba ta tambayar inda aka sa shi, don kada abin ya zauna mata a rai. To, ya zauna.

Da na koma gida Palladan, surukata ta riga ta kwashe baho da shawul da 'yan rigunan da na yi ta tsinta a kasuwar Sabon Gari. Ɗaki fes, kamar ban taɓa yin ciki ba. Nono kuwa ba wanda ya gaya masa, yana ta jiƙa mini riga. Matan zumunta na cocinmu suka zo da kunu da kalma ɗaya, haƙuri. Da na buɗe baki sai a ɗauko waƙa. Har yau na tsani waƙar nan, Allah ya gafarta mini.

Shekara biyu ina zuwa makarantar da nake koyarwa, ina dariya inda ake dariya. In an tambaye ni yara nawa, in ce biyu, waɗanda ke raye.

A cocinmu akwai lokacin shaida ran Lahadi. Kowa ya san ƙa'ida: ka tashi da waƙa, ka faɗi alherin da Allah ya yi maka, a tafa. Ran nan wata mata ta gode don akuyarta ta haifi uku, aka tafa. Akuya an ƙirga mata 'ya'ya a gaban jama'a, ni nawa ko ambatonsa ba a yi. Sai na ji ni a tsaye.

"Ba ni da waƙa," na ce. "Na haifi ɗa namiji. Ba a nuna mini shi ba, ban san inda yake ba, kuma haushinku nake ji duka."

Dattijon da ke bi da sujada ya matso. "'Yata, ki yi haƙuri."

"Baba, na yi. Shekara biyu ina yi."

Mai ganga ya ɗaga sanda. Shugabar matan zumunta, tsohuwar da ta fi kowa saurin ɗauko waƙa, ta ɗaga masa hannu. "Ku bar ta," ta ce. "Nawa biyu ne. Ni ma ban gan su ba."

Muka koma gida ni da mijina. Da la'asar ya tada babur ya ce in hau. A makabarta bai yi lalube ba, ya nufi wani ɗan tudu da aka nome ciyawarsa tas. Ashe duk wata yana zuwa, shi kaɗai. Na so in mare shi. Maimakon haka na tambaye shi kamannin yaron.

"Kunnuwanki ne," ya ce. "Ga gashi cike da kai."

Na zauna a ƙasa na yi kukan da aka hana ni, shi kuma bai ce in yi haƙuri ba. Yanzu in an tambaye ni yara nawa, uku nake cewa.