Buhun da Ban Kwance Ba

A shekarun da bam ke tashi a tashoshin mota, ina da rumfa a wani ɗan layin kasuwa a unguwar Nasarawo, cikin Gombe. Dusa nake sayarwa, da kanwa da gishirin shanu. Ban yi nisa a boko ba, abin da na gani kawai zan faɗa.

Layin namu ƙofa ɗaya gare shi. Da abin ya matso cikin gari, muka zauna muka yanke shawara a ɗaure igiya a bakin layi, kullum mutum biyu su tsaya, duk kayan da za su shiga sai an kwance an duba. Ba a ware kowa ba, har limaminmu buɗe jakarsa yake yi. Wanda ya bari kaya suka wuce ba dubawa, a rufe masa rumfa mako guda. Kowa ya ce ya yarda. Lokacin tsoro yana da ƙarfi a jikinmu.

Abokin tsayuwata maƙwabcina ne, wani Ibo mai sayar da kayan gyaran babur da keke. Shekara tara muna jingine da bango ɗaya. Ran Juma'a shi ke duba min rumfa in je masallaci. Ran Lahadi kuma, kafin ya tafi coci, sai ya jefo min makullin shagonsa, in ɗan acaɓa ya zo neman filogi ko sarƙa in buɗe in ba shi. Ina ce masa Oga, yana ce min Alhaji, ko da yake ban taɓa taka Makka ba.

Sai ranar da surukina ya zo, mu ne a bakin igiya. Uban matata ne, dattijo, yana zaune da shanunsa a daji. 'Yarsa ta haihu, shi ne ya ɗauro buhun gero a bayan acaɓa, zai ajiye a rumfata in kai gida in na tashi. Mu Fulani ba ma haɗa ido da suruki, ba ma cin abinci a gabansa, ba ma kiran sunansa. Balle a ce masa ya kwance kayansa a gani. Na durƙusa na gaishe shi, na ɗaga igiya. Buhu ya wuce.

Oga yana gefe yana duba kwalin wata mata. Ya ɗago ya gani.

"Alhaji, wancan fa?"

"Bappa ne, baban madam."

"Na san shi. Buhun nake tambaya."

"Gero ne."

"Ka gani da idonka?"

"Na san gero ne."

Bai kai ni gaban shugaban layi ba. Da ya kai ni da ya fi min sauƙi. Da tsayuwarmu ta zagayo, ƙanensa ya iso daga tasha da kwali uku a keke. Oga ya ɗaga igiya, idonsa a kaina. Kwalayen suka wuce ba dubawa. Me zan ce?

Telan da ke bakin ƙofa ya ga duka biyun. Ranar tasa tsayuwar ya bar matar yayansa ta wuce da ƙullin atamfa. Mai nama ya bar malaminsa. Kowa tunanin da na yi shi yake yi: nawa dai na san shi, tunda sauran suna dubawa, guda ɗaya ba zai yi komai ba. To kuma kowa yana da nasa. Kafin wata ya ƙare, baƙon ƙauye kaɗai ake tsayarwa, shi ma in ya ce wajen wane zai je sai a ɗaga masa. Igiya tana nan, mu kuma muna shan rana a banza.

Lahadi ta zo, Oga ya kulle shago ya sa makulli a aljihu ya wuce ni. Ta biyu ma haka. 'Yan acaɓa suna tambayata, ina cewa ban sani ba. Na sani.

Wata Talata da hantsi aka ga baƙar jaka ƙarƙashin bencin tela, ba mai ita. Wani ya yi ihu. A gudun da aka yi aka tattake wata tsohuwa mai daddawa, ƙafarta ta karye. Jami'an tsaro suka killace layin kwana uku. Tsofaffin tufafi ne a jakar, da takalmin roba. Amma cikin waɗanda suka tsaya ranar ba wanda ya iya faɗin da wa ta shiga.

Da aka buɗe muka yi taro. Shugaban layi, dattijo mai sayar da tabarmi, ya ce, "Ni ba jaka nake tambaya ba. Wa ya fara?"

Tela ya kalli Oga, Oga ya kalli ƙasa. Na ga in na yi shiru, a kan Oga za ta ƙare. Ya fi rabinsu daɗewa a Gombe, amma a shekarun nan ba wuya a ce wa irinsa ya tattara ya bar layi. Ba jarumta na yi ba, gajiya na yi. Na miƙe na ce ni ne, buhun surukina ne.

Mai nama ya ce, "Kai, kunyar nan taku ta Fulani sai ta kai mu lahira!"

Aka yi dariya. Wani daga baya ya ce masa, "Kai malaminka Bafulatani ne da ka ɗaga masa?" Dariyar ta koma kansa.

Oga ya miƙe. "Ni ma na yi. A rufe nawa tare da nasa. Amma ku ji. Ko shekara goma kuka rufe Alhaji, ba zai buɗe kayan baban madam ba. Ni zan iya. Shi kuma zai iya buɗe na ƙanena, har na fadan cocinmu. Duk wanda ya hango nasa yana zuwa ya ja baya, ɗayan ya duba."

A kan haka aka tsaya. Aka sake haɗa masu tsayuwa yadda ba za a sami 'yan gida ɗaya ko 'yan yare ɗaya tare ba. Ni da Oga muka yi makonmu a rufe. Mai nama da tela ba su ce a rufe nasu ba, ba wanda ya matsa.

Bayan kaka Bappa ya dawo da buhun masara, kuma ranar tsayuwarmu ce. Ina hango shi na ja baya, na juya fuskata bango. Na ji Oga yana cewa, "Baba, sannu da hanya. A kwance." Tsohon ya kwance da kansa. Oga ya zura hannu cikin masara har gwiwar hannu, ya ɗaure masa, ya ɗaga igiya. Daga baya matata ta gaya min abin da uban ya ce mata: wancan zuwan ya yi mamaki da ba a duba shi ba, har ya ce a ransa layin nan ba a tsare yake ba.

Lahadin da ta biyo ina auna dusa na ji abu ya faɗo kan buhu. Makullin ne. Oga ya riga ya kai bakin igiya da rigarsa ta coci, bai ko waiwayo ba. Na ɗauka na rataye a ƙusar da nake rataye shi.