Ammu Awwalu da Gwiwar Mish'al

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. A ranar Talata, sha shida ga watan Safar na shekarar 1446, tsakanin azahar da la'asar, Allah Ya karɓi ran Ammu Awwalu Ɗaso, wato Baffa Awwalu a bakin 'yan nan, mai sayar da tumaki a kasuwar Ka'akiyya ta Makka, kuma shugaban ƙungiyarmu ta wasan hoki tun ranar da aka kafa ta. Ya rasu yana da shekara saba'in da ɗaya, bayan jinyar kwana tara. An yi masa salla a Harami bayan magariba, aka kai shi maƙabartar Shara'i. Ni Hadi, sakataren ƙungiyar, shekarata goma sha tara ina aiki a ƙarƙashinsa, shi ya sa iyalinsa suka nemi in rubuta wani abu. Na ce zan rubuta, amma su yi haƙuri da abin da zai fito, domin mutumin nan ya tafi ya bar ni da haushin da har yau bai gama sauka ba.

Ammu, bari in yi maganar da kai, tunda yau ce rana ta farko da zan kai ƙarshen zance ba ka katse ni ba.

Mutane suna dariya idan suka ji wai Hausawan Makka suna buga hoki, kuma kai ka jawo mana wannan. Kana saurayi, idan an gama aikin Hajji motocin alhazai na tashar Kudai suka huta, direbobi 'yan Pakistan sukan share gefen fili su fito da sandunansu masu lanƙwasasshen baki su yi ta bin 'yar ƙwallo. Ka tsaya kallo har suka gaji suka ba ka sanda. Daga nan ka tara samarin unguwa, ka saya musu sanduna da ribar tumakinka, har muka zama ƙungiya mai riga da lamba, muna shiga gasar ƙananan ƙungiyoyi ta Makka da Jidda da Ɗa'if.

Gasar nan tana da wata doka da muke kira sakaf. An yanke iyakar abin da kowace ƙungiya za ta biya 'yan wasanta gaba ɗaya a wata, don kada masu manyan kamfanoni a bayansu su kwashe gwanaye su bar irinmu riƙe da sanduna. Doka ce mai kyau, kai ma kana cikin waɗanda suka kawo ta. To, kashi ɗaya cikin uku na namu sakaf ɗin mutum ɗaya yake tafiya da shi, wato Mish'al, haifaffen unguwar Shisha, wanda ban taɓa ganin mai wuyan hannu irin nasa ba. Ba mu taɓa jin zafin albashinsa ba, don shi kaɗai yake ci mana rabin ƙwallayenmu. Sai a watan Rajab, a filin Ɗa'if, ya juya da sauri, ƙafar ta tsaya wuri ɗaya, gwiwar dama ta tafi. Likita ya ce jijiya ce ta tsinke. Aka yi aiki, aka ce sai ya yi wata tara zuwa shekara, kuma ba a yi alkawarin zai dawo kamar da ba.

Ita doka ba ruwanta da mai ciwo. Muddin sunansa yana takardarmu, albashinsa yana cin wuri. Mai tsaron ragarmu ya sami aiki a Dammam ya tafi, 'yan bayanmu biyu sun ajiye sanda, kuma ɗan albashin da suka bari bai kai ya ɗauko mana ko mutum ɗaya ba. Kamfanin motocin da ya ara mana fili kuwa ya riga ya faɗa mana baro-baro cewa in muka zo na ƙarshe a gasar bana, zai karɓe filinsa ya mai da shi wurin ajiye motoci. In babu fili, babu ƙungiya.

Na ce a rage albashin yaron, ka ce a cikin rigarmu ya ji ciwon. Na ce a sallame shi da mutunci, ka ce babu mutunci a sallamar mai ɗingishi. Abin da ya rage shi ne musaya: mu ba da shi ga ƙungiyar da take da sarari, su ba mu mutum biyu masu sauƙin albashi. Wannan ka yarda da shi. Mish'al ma ya yarda, domin sabuwar ƙungiya za ta ba shi kwantiragin shekara biyu, ga shi matarsa ta haihu. Na yi murna ranar, ban san abin da na ɗauko wa kaina ba.

A Shawwal mutanen wata ƙungiya ta Ɗa'if suka zo har ɗakinka na kasuwa. Na yi minti ashirin ina yabon Mish'al, kuma duk abin da na faɗa gaskiya ne. Manajansu ya riga ya ciro biro. Sai ka ajiye kofin shayinka ka ce wa Mish'al ya tashi ya taka zuwa ƙofa ya dawo. Ya taka lafiya, na yi ajiyar zuciya. Sai ka ce ya tsuguna. Ya kai rabi, fuskarsa ta canza, ya kama bango. Kai kuma ka sa hannu a aljihu ka ciro takardar likita, ka warware ta, ka miƙa wa baƙon da hannu biyu kamar wata kyauta. Baƙon ya shanye shayinsa, ya yi mana addu'a, ya tafi.

Mish'al ya jira har aka rufe ƙofa, sannan ya ce, da Hausarsa ta 'yan nan, “Ya Ammu, ni rago ne? Haka fa kake yi wa ragon hadaya.”

Ka ce, “Ragon ma ba na ɓoye gurguntarsa, ya waladi, balle kai ɗana.”

Na kwana biyu ina neman dabara. Na tuna yadda kake yawan faɗa wa dillalan kasuwa cewa su ji tsoro, laifin da aka yi a cikin Harami ya fi nauyi. Na ce wa kaina ashe nan matsalar take, alfarmar garin ce ta ɗaure dattijo. Don haka da Mudassir, manajan wata ƙungiya ta Jidda, ya nuna sha'awa, sai na sa mu haɗu a wani gidan abinci da ke kan hanyar Jidda, bayan Shumaisi, wajen iyakar Harami. Allah Ya yafe mini, da idona na ga alamar iyaka ta wuce ta taga, har na ce maka cikin raha ai yanzu mun fita. Ka dubi taga kawai.

Muka ci shinkafa da nama. Mudassir bai tambayi komai ba, ni kuma na yi ta cika masa faranti don kada ya sami bakin tambaya. Ana kawo ruwan wanke hannu, sai na ji muryarka kana ce masa, “Ba ka tambaye ni gwiwar ba.”

A hanyar dawowa na tsayar da mota a gefen titi na faɗa maka maganganun da bai kamata ɗa ya faɗa wa uba ba. Na ce taurin kanka zai kashe abin da ka gina da hannunka. Na ce ba wanda ya ce ka yi ƙarya, shiru kawai aka roƙe ka. Mish'al da muka tafi tare yana kujerar baya, shi ma ya roƙe ka, ya ce rayuwarsa ce, kuma gwiwar tana warkewa. Ka bari muka gama, sannan ka ce Wanda yake gani a Makka yana gani a Shumaisi, kuma in tayar da mota kada la'asar ta wuce mu.

Zama na uku, da manajan wata ƙungiyar daban, na shirya shi ne a farkon Zul Hijja, kwanakin da mai tumaki ba ya iya ko sosa kansa. Na zaɓi wani wurin shan gahawa a Shisha, na gaya maka lokacin a tsaye, da fatan ba za ka ji ba. Ana tsakiyar magana sai ga tasi ta tsaya, ka fito kana warin garke, ka bar wa ɗanka Marwan kasuwar da kake jira shekara guda. Ban ma jira ka zauna ba, na fara tattara takarduna.

Watan Muharram gaba ɗaya ban yi maka magana ba sai sallama. Ina faɗar wannan da kunya. A cikin watan nan, kamar watannin da suka gabace shi, kullum da hantsi kana ƙofar gidan su Mish'al da tsohuwar motarka, ka kai shi wurin gashin ƙafa, ka zauna a benci har a gama. Shi ma fushi yake da kai, amma ba ka taɓa fasa tsayawa ka saya masa burodi da wake a hanya ba. Ya gaya mini cewa wata rana ya ji kana faɗa da mai gashin, wai ya rage masa motsi biyu a cikin goma sha biyar. Haka kake, ba ka iya lallashi ba, sai dai mutum ya waiwaya ya gan ka a bayansa.

Da aka kwantar da kai na zo asibiti da niyyar ba ka haƙuri. Ba ka ba ni dama ba, tambayarka ita ce ko an sake zana layukan fili. Sannan ka sa Marwan ya ɗauko wani abu a aljihun rigarka ya miƙo mini. Hatimin ƙungiya ne da takardar likitan nan, ka ɗaure su wuri ɗaya da roba. Ka ce dukkansu na ƙungiya ne, in riƙe. Ko a kan gadon asibiti sai da ka ɓata mini rai.

Ranar jana'iza, kowa ya san yadda ake sauri da makara a garin nan. Mish'al ya shiga ƙarƙashinta ya ƙi ba kowa wuri. Ina bayansa, kuma kafin mu kai mota na ga ƙafar damansa tana ja. Ba wanda ya lura sai ni, don kai ka koya mini kallon ƙafa.

Bayan kwana bakwai da rasuwarka, saura kwanaki a rufe rajista, sai wata sabuwar ƙungiya ta wani kamfani a Jidda ta kira ni. Manajansu, Sami, bai san mu ba, bai san kasuwar Ka'akiyya ba, hotunan wasan Mish'al na bara kawai ya gani. Zai ba mu mai tsaron raga da ɗan baya guda, daidai abin da muke nema. Muka tafi ni da Mish'al. A wurin ajiye motoci na cire robar, na sa hatimi a aljihu, na bar takardar likita a cikin mota. Mish'al ya gani, ya kau da kai.

Ofishin yana hawa na shida, ga teku ana hange, nesa da kowace iyaka. Takarda tana gabana, hatimi yana hannuna, doguwar rigar Mish'al ta rufe tabon aikin, kuma babu tasin da za ta tsaya. Sami yana gyara takardu ya tambaya, irin tambayar ladabi, ko lafiyar ɗan wasan ƙalau. Da na ce alhamdu lillahi, ko kai ba za ka kira shi ƙarya ba. Na buɗe baki da wannan niyyar. Abin da na ji ya fito shi ne, “Gwiwar dama, an yi mata aiki a Rajab. Takardar tana mota, bari in ɗauko.”

Na sauka ina zagin kaina tun daga hawa na shida har ƙasa. Da na dawo na tura ƙofa, sai na tarar da Mish'al a gaban Sami, ya tattare rigarsa, ya dafa bakin tebur, yana nuna masa iyakar inda yake iya tsugunawa. Ba wanda ya sa shi.

Sami mutumin kirki ne. Ya karanta takardar har ƙarshe, ya ce mu dawo baɗi in Allah Ya kai mu, ya raka mu bakin ƙofa. Muka kama hanyar gida har muka wuce Shumaisi. A nan Mish'al ya ce, “Wallahi Ammu ya lalata mu.” Ya so ya yi dariya, sai kuka ya ƙwace masa, ni kuma na sake tsayar da mota a gefen titin nan.

An rufe rajista, Ammu. Mutum goma sha uku muka rubuta, ɗaya daga ciki yana benci da kashi ɗaya cikin uku na sakaf. Na goma sha ukun ni ne, mai shekara hamsin da biyu, a matsayin mai tsaron raga na ko-ta-kwana, domin sakatare ba ya cin albashi, doka ba ta ƙirga shi. Ban sani ba ko filin zai kai baɗi a hannunmu. Na dai sa an zana layukan, kuma ni nake kai Mish'al gashi da hantsi. Robar nan na mayar da ita yadda ka ɗaura.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Yalwa, wadda ta yi shekara arba'in da shida tana haƙuri da abin da ni na kasa haƙuri da shi a goma sha tara, da 'ya'yansa Marwan da Lujain, da abokan kasuwarsa, da duk wanda ya taɓa riƙe sandar da ya saya. Allah Ya ba mu haƙurin rashinsa. Maganganun da na faɗa maka a gefen titi, ban sami damar janye su ba, ina roƙon Allah Ya isar maka da nadamata.

Allah Ya jiƙan ka, Ammu Awwalu, Ya yalwata kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Kai da ba ka taɓa ɓoye wa mai saye aibin abin da ke hannunka ba, Allah Ya ɓoye naka aibin ranar da za a tsayar da kowa a duba. Amin.