Kalla da Gangaren Inabi

Kalla taubashina ne, don haka ko yanzu da yake kabari ina da izinin zaginsa.

A ƙuruciyarsa ya yi wa wani Bature ɗan Italiya girki a Keita, lokacin da ake aikin jera duwatsu don tare ruwa. Baturen nan yana da wata jar giya ta inabi, Aliyaniko. Kalla bai taɓa kai ta bakinsa ba, na shaida. Amma ya haddace labarinta fiye da Fatiha. Wai a kudancin ƙasarsu ake yin ta, a gindin wani dutse da ya taɓa aman wuta ya mutu. Ƙasar baƙa ce, tsakuwa zalla, samarin wurin duk sun tafi ci-rani kamar namu. Giyar ja ce har ta yi duhu, tana da bauri sabuwa, sai ta shekara da yawa a kogo kafin ta yi laushi. Kuma itacen ba ya son ƙasa mai daɗi: sai ya wahala 'ya'yansa ke kyau.

Wannan maganar ta ƙarshe ita ta cinye shi.

Da Baturen zai koma, ya bar masa reshen inabi dami guda da kwalba ɗaya a rufe. Kalla ba giya yake so ya yi ba, 'ya'yan yake so ya kai kasuwar Madawa. Yana da fadamar ubansa, mai rijiya, inda albasa ke yin kan jariri. Ya je gaban maigari da shaidu ya musanya ta da gangaren wani mutum Bala, gangaren da ko akuya sai ta yi tunani kafin ta hau.

Na ce, "Kai bawana, mi ka sha?"

Ya ce, "Tsohuwar banza, ke mi kika sani? Icen ga wahala yake so."

Na ce, "To ya zo gida. Mu ma nan ita muka ci muka girma, ka ga mun yi zaƙi?"

Ya yi dariya, ya ɗauki jarkarsa. Ya dasa inabin a gangaren, shekara uku yana hawa da ruwa a ka. Rani ya ƙone rabi, gara ta ci sauran daga ƙasa. Ya koma wurin maigari, aka ce musanyar da aka shafa wa Fatiha ba ta warwaruwa. Bala kuwa har ya sayi injin ban-ruwa.

'Ya'yansa maza uku suka tashi ba gonar da za su sa kalme su noma. Biyu suna Abijan. Autan, Hafizu, wanda aka raina da labarin dutsen nan, ya bi ta Agadas zuwa Libiya, ya ce zai haye ruwa ya gano ƙasar da idonsa. Shekara tara ke nan. Ba gawa, ba waya.

Tun ranar da ya tafi Kalla bai sake ambatar inabi ba. Kwalbar dai tana cikin rumbu, ƙarƙashin damman gero.

Bara da ciwo ya kwantar da shi, ya aika aka kira ni. Ya ce, "Hasana, kwalbar nan, kar masu wankan gawa su same ta gidana. Kai ta can bisa."

Na ce, "Da tsufana ka ɗora mini giya?"

Ya ce, "Ke wa zai yi mamaki?"

Na ɓoye ta cikin zane, na hau gangaren da azahar, na fasa ta a kan dutse. Warin tsami ya buge ni. Zafin rumbu ya daɗe da kashe ta. Kafin in sauko wurin ya bushe.

Ya tambaye ni ko ta yi laushi. Na ce ta yi.